Shibra da Dangin Gero na Daji: Tarihin Abin da Muke Tugewa a Gona

Duk wanda ya taso a gidan noma a ƙasar Adar ya san shibra. Ita ce wadda ke fitowa a tsakiyar gero, tana kama da shi tun suna ƙanana har sai mai ido ke iya rabe su. Idan ta fid da kai sai ka ga zangarniya 'yar siririya mai gashi, wadda tsabarta ke zubewa ƙasa tun kafin a kai ga girbi. A gidanmu a Barmu mutum biyu suka yi shekaru suna saɓani a kanta, mahaifina da mahaifiyarsa. Ni kuwa ina tsakiya, domin ni ake aike.

Lokacin cira, Baba yakan bi bayana rami-rami yana duba abin da na bari. In ya tarar na tuge gero na bar shibra, ranar ba ni da sauran sukuni. "Kai yaro, buɗe idonka! Wagga ba hatsi ba ta, ɓarauniya ta. Ta ci taki ta sha ruwa, ba ta kai komi rumbu." Amma da watan takwas ya kama, rumbu ya yi ƙasa, geron gona bai nuna ba, sai Kaka ta kira ni ta miƙo mini ƙwarya. "Maigidana, tashi ka kewaya gona ka karyo mini shibra, kada tsuntsaye su riga mu." Shibra ke riga kowa nuna. A gasa a yi tumu, ko a shanya a daka a dama kunu. Ba ta cika ciki, amma takan riƙe gida mako biyu ko uku kafin sabon hatsi ya shigo.

Na yi makarantar horar da malamai a Tawa, na kuma yi sama da shekara ashirin ina koyarwa. Na sa yara sun shuka wake a gwangwani ba adadi don su ga yadda tsiro ke fitowa, amma ban taɓa cin karo da layi ɗaya a kan shibra ba a littattafan da aka ba mu. Abin da ya mayar da ni kanta wani labari ne na nesa, labarin sha'ir.

Sha'ir da kakanta na daji

Yawancinmu sunan sha'ir muka sani a karatun zakkar fid da kai, ba mu taɓa ganin gonarta ba, sai waɗanda suka je lambunan Abzin inda ake noma ta kaɗan tare da alkama. Tana cikin tsofaffin abincin ɗan Adam. A wani wuri da ake kira Ohalo, bakin tafkin Ɗabariyya, masu tonon kayan tarihi sun samu tsabar sha'ir ta daji wadda mutane suka tara tun kimanin shekara 23,000 da suka wuce, tun ba a san noma ba. Wajen shekara 10,000 baya ne mutanen yankin Sham da Iraƙi da kudancin Turkiyya suka mayar da ita shukar gida.

Bambancin da ya fara raba ta gida da ta daji shi ne wanda Baba ke zagin shibra a kai. Ta daji tana zubar da tsabarta da kanta da zarar ta nuna, domin ta haka take shuka kanta. Cikin dubbai akan samu ɗaya wadda tsabarta ke maƙalewa a zangarniya. Ita ce mai girbi ke kai wa gida, ita ce kuma za a shuka baɗi. A hankali gona ta cika da zuriyar waɗannan 'yan tsirarun. Manomi ya samu abin da zai kai rumbu, amma ya bar mafi yawan dangi a daji, da duk halayen da suka gada: jure fari, jure cuta, tsawon kara, yawan ganye. Waɗannan halaye suna tafiya ne daga uwa zuwa ɗiya ta cikin abin da masana ke kira ƙwayoyin gado. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A ƙasar Sham galibin sha'ir tumaki ake noma wa, kuma karanta yana da daraja kusan kamar tsabar. A shekarar fari, sha'ir ɗin gida takan tsugune ta yi gajarta har injin girbi ya kasa kama ta, sai manomi ya saki tumaki su kiwace gonar. Masanan cibiyar ICARDA, wadda aka kafa a 1977 da mazauni a Halab, cikinsu har da wani Ba'italiye mai suna Salbatore Cekarelli, sun lura cewa sha'ir ta daji ba ta rasa tsawonta ko da ruwa ya yi ƙaranci. Suka haɗa ta aure da irin manoman ƙasar, suka yi shekaru suna tacewa, don a samu wadda za ta ba da tsaba ta kuma ba da kara a mugunyar shekara. Da yaƙi ya kore su daga Halab, sai a 2015 suka je rumbun ajiyar iri na duniya da ke Sibalbad, can cikin ƙanƙarar arewacin Norwe, suka karɓo kwafin irin da suka ajiye, suka sake shuka shi a Labanon da Maroko. Su ne na farko da suka taɓa cire ajiya daga wannan rumbu tun da aka buɗe shi a 2008.

Da na karanta wannan sai na ajiye takardar na ce, to mu fa? Geronmu, wanda mu nan muke ce wa hatsi kawai kamar babu wani hatsin bayansa, shi ina kakansa na daji yake?

Inda gero ya fito

Amsar ta ba ni kunya, domin kakan nasa yana nan kusa da mu. Geron daji ciyawa ce ta shekara-shekara mai yawan rassa, mai ƙananan zangarnu masu gashi, wadda ke fitowa a bakin koramu da gindin duwatsu tun daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Azawak da Abzin, har Cadi da Sudan. Makiyayanmu sun san ta sarai, dabbobinsu na cin ta. Da ita da geron gona jinsi ɗaya ne, suna haihuwa da juna.

Ba daga Masar ko Makka aka kawo mana gero ba. A kwarin Tilemsi, arewa da Gawo a ƙasar Mali, an tono fasassun tukwane waɗanda maginansu suka cuɗa yumɓu da ƙaiƙayin gero. Shatar ƙaiƙayin ta zauna a jikin tukwanen, kuma ta nuna gero ne na gida wanda ba ya zubar da tsaba. Binciken da Keti Manin da abokan aikinta suka fitar a 2011 ya sa shekarunsa wajen 4,500. A 2017 aka kammala karanta ƙwayoyin gadon gero, aka ƙirga sama da 38,000. Shekara guda bayan haka wasu masana, yawancinsu na cibiyar IRD ta Faransa tare da abokan aikinsu na Afirka, suka gwada gadon geron gida da na daji daga sassa daban-daban, suka ce asalin na gida yana yammacin Sahara ne, wajen iyakar Mali da Muritaniya ta yau, kuma ya fara bazuwa kimanin shekara 4,900 da suka wuce.

A wancan zamani Sahara tana kan bushewa ne bayan dogon lokaci na tafkuna da ciyawa. Mutanen da suka fara wannan aiki makiyaya ne masu shanu, waɗanda ke tara tsabar ciyayi kamar yadda har gobe ake tara karangiya a shekarar yunwa. Ko ita karangiyar 'yar'uwar gero ce, ita da ƙyasuwa, har masana tsirrai na yanzu sun haɗa su a gida ɗaya. Da hamada ta matsa, mutane suka gangaro kudu da irinsu a cikin salka da ƙwarya. Daga nan gero ya ratsa nahiyar, ya tsallaka teku ya isa Indiya fiye da shekara dubu kafin haihuwar Annabi Isa.

Abin da ya fi jan hankalina a binciken 2018 shi ne wannan: geron gida bai rabu da na daji rabuwa ta har abada ba. Duk inda ya sauka a Sahel ya tarar da danginsa na daji a wurin, suka yi ta musayar bununi, wato wannan garin fure da ke tashi daga zangarniya iska ta kwashe shi. Ta haka geron gida ya riƙa karɓo halayen da suka dace da kowace sabuwar ƙasa, ya maido wani abu daga cikin abin da ya bari a daji. Shibra ita ce shaidar wannan tsohuwar auratayya. Jini biyu ne a jikinta, shi ya sa ta ɗauko kamar gero ta kuma ɗauko zubar da tsaba.

Abin da aka gani a Keita

Wannan magana ba ta tsaya a ƙasashen nesa ba. A nan Adar, a Keita, wani masani Bafaranshe na cibiyar ORSTOM, wadda daga baya ta koma IRD, mai suna Marshe, ya bi diddigin geron daji da ke fitowa daf da gonaki, ya fitar da sakamakonsa a 1994. Tambayarsa ita ce, tunda iska na kai bununin gona cikin na daji kowace damina, me ya hana na dajin narkewa ya ɓace? Ya tarar ana samun barbarar, amma duk da haka na daji yana riƙe da kamanninsa. Wani binciken da aka fitar a 2006, wanda ya gwada geron gida da na daji daga sassan Nijar, ya nuna cewa na daji ya fi na gida yawan bambancin ƙwayoyin gado. Ma'ana, rumbun da ya fi girma yana waje, ba shi da ƙofa ba shi da mai gadi.

Shi kuwa geron gida, kakanninmu ba su bar shi iri ɗaya ba. Kowace ƙasa ta tace nata: gergera a nan Adar da wajen Ƙonni, zongo mai doguwar zangarniya a Maraɗi, ankutas mai gajeren kai mai kauri a Damargu, haini kire a ƙasar Zabarmawa, maiwa mai jinkirin nuna a kudu inda ruwa ya fi yawa. Ba wanda ya rubuta sunan mutanen da suka yi wannan aiki. Sun yi shi ne a bakin gona lokacin kaka, suna ware zangarnun da suka fi cika su ɗaure daban, su rataye a ƙuryar rumbu, ko yunwa ta yi yaya ba a taɓa su. Na ga Baba yana yi. Ashe abin da nake gani aikin shekara dubu huɗu ne da ɗoriya bai yanke ba.

Ranar da aka nemi dangi

Wani zai ce, to mene ne amfanin tara iri barkatai, me zai hana a nemo guda ɗaya mafi kyau kowa ya shuka? An gwada, kuma Indiya ce ta biya kuɗin darasin. A garin Tifton na jihar Jojiya a Amurka, wani masani mai suna Gilen Baton ya samar da wani layin gero da ya sauƙaƙa haɗa irin aure. Indiya ta karɓa, ta fitar da irin aurenta na farko a 1965, amfanin gona ya haura. Sai dai duk waɗannan sababbin iri uwarsu ɗaya. A 1971 cutar nan da ke mayar da zangarniya tarin ganye ta faɗa musu, kuma da yake jininsu ɗaya, abin da ya kayar da ɗaya shi ya kayar da saura. Noman geron ƙasar ya faɗi warwas. Da aka tashi neman magani, cikin wuraren da aka samo jinin da ke jure cutar har da geron manoman Afirka ta Yamma.

Na daji ma an neme shi. A Amurka ba don tuwo ake noma gero ba, don dabbobi ne, saboda haka ganye da kara su ne amfanin. Akwai cutar tsatsa da ke cin ganyen, ta rage yawansa ta kuma rage abin da cikin saniya zai iya narkarwa. A shekarun 1980 wani masanin Tifton ɗin, Wen Hana, ya samo ƙwayar gadon da ke tare wannan tsatsa a jikin geron daji da aka ɗebo daga Senegal, ya shigar da ita cikin geron kiwo mai suna Tifleaf 2. Bayan 'yan shekaru tsatsar ta sauya salo ta karya wannan kariya, dole aka sake komawa neman wasu. Wannan ma darasi ne. Ba a zuwa rumbun dangi sau ɗaya a ce an gama, domin cuta ma ba ta zauna ba.

Sai ƙuduji, wanda ba manomin da ke buƙatar a gabatar masa da shi. A 1997 da 1998 an gwada nau'i 274 na geron daji da shibra a gonakin gwaji na Samanko da Sinzana a Mali, da Sadore kudu da Yamai inda cibiyar ICRISAT take, don a ga ko akwai waɗanda ƙuduji ba ya kamawa sosai. An samu 'yan kaɗan da suka nuna juriya. Ranar da na karanta cewa har da shibra a cikin waɗanda aka gwada, na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, na ce ina ma Kaka tana raye.

Kada a ɗauka aikin mai sauƙi ne. In ka auro juriya daga na daji, tana zuwa da kayanta: ƙaramar tsaba, gashi, zubewa. Sai an yi shekaru ana mayar da zuriyar ga geron gida ana tacewa kafin a raba alherin da sharrin. Wannan aikin masana ne na irin su INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa da aka kafa a 1975, da tasharta ta Tarna a Maraɗi. Amma masani ba ya ƙirƙiro hali daga babu. Abin da ke akwai yake tacewa, kuma in ya ɓace daga gona da daji, ba digirin da zai dawo da shi.

Kara ya zama kuɗi

Dalilin da ya sa maganar karan sha'ir ta taɓa ni shi ne abin da idona ya gani a kan karan gero. Ina yaro, in an gama girbi akan ɗebi na danga da na rufi da na gado, saura a bar shi a gona. Fulani da Buzaye su gangaro daga arewa su sauka, dabbobi su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da hatsi. A 1961 gwamnati ta yi doka ta shata iyakar noma ta arewa don a bar wa makiyaya abin da ke bayanta, amma yawan jama'a ya sa gonaki sun daɗe da tsallake ta. Makiyaya ta matse, kuma kusan kowane gida yanzu yana da rago ko tunkiya a turke.

Yau ba mai barin kara a gona. Ana yanke shi tun da sauran ɗanye, a ɗaure, a ɗora a kan itace ko rufin ɗaki, a jira bazara. Wanda ya shiga kasuwar dabbobi a watan biyar ya san yadda damin kara ke tsada. A shekarar da ruwa ya yanke da wuri, zangarniya ba ta cika ba, karan ne kaɗai abin da mai gona zai sayar ko ya riƙe dabbarsa da shi. Saboda haka in an kawo wa manomin Adar sabon iri aka ce yana nuna da wuri, tambayarsa ta biyu ita ce, karansa fa? Na ga mutanen da suka karɓi iri mai saurin nuna suka shuka shekara ɗaya suka watsar, don karansa gajere ne ba ganye. Wanda bai sani ba sai ya ce ƙin ci gaba ne, alhali lissafi ne na mai ciyar da baki biyu, na ɗaki da na turke. Geron daji kuwa, abin da ya fi kowa shi ne yawan rassa da ganye da siririn kara mai laushi. Wanda duk ke son gyara karan gero, ga inda zai duba.

Abin da fari ya yi wa iri

Tsofaffinmu suna ƙirga shekaru da sunayen yunwa. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, akwai ta fara a 1931, akwai ta 1973 zuwa 1974, sai ta 1984 wadda aka laƙaba wa sunan Buhari don ta zo daidai lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka. Ta 2005 kuwa ina aji na gan ta, bayan fari da farar 2004. Kujeru suka yi ta zama wayam, yara sun bi iyayensu ɗibar anza. Kowace yunwa tana cin mutane da dabbobi, tana kuma cin abin da ba a cika ƙirgawa ba, wato iri. Gidan da ya kai ga sauke damin irinsa ya daka, in ruwa ya sauka sai ya nufi kasuwa ya auno abin da ya samu, bai san daga wace ƙasa ya fito ba, bai san me ke gauraye a ciki ba. Baba yakan ce shibra ba ta yawa sai a gonar wanda ya shuka hatsin tiya.

Akwai wani bincike da ya kamata kowane malami a ƙasar nan ya sani. A 1976 masanan ORSTOM sun zagaya Nijar suka karɓi irin gero daga hannun manoma suka adana. A 2003 aka koma garuruwa 79 da aka je a karon farko aka sake karɓa. Sai aka shuka na da da na yanzu gefe da gefe a Sadore. Sakamakon da Ib Biguru da abokan aikinsa suka fitar a 2011 ya nuna cewa manyan nau'o'in ba su ɓace ba, sunayensu na nan, amma geron 2003 ya fi na 1976 saurin fid da kai, zangarniyarsa ta ɗan rage tsawo, kuma wata ƙwayar gado mai sa saurin fure ta kusa ninka yawanta. Cikin shekara 27 na ƙarancin ruwa, geron manoma ya gyara kansa ya bi gajeriyar damina, ta hannun masu zaɓen iri da kuma ta hannun farin kansa.

Ya iya yin haka ne don ba jini ɗaya ba ne. A cikin gona guda akwai mai sauri da mai jinkiri, dogo da gajere, kuma iska na gauraya su kowace shekara. Da iri ɗaya tak muke shukawa kamar Indiya a 1971, da ba abin da za a zaɓa daga ciki. Wannan bai hana karɓar sabon iri ba. HKP da aka tace daga haini kire ya taimaki mutane da yawa, haka ma Chakti da aka fitar a Nijar a 2018 mai yawan sinadarin ƙarfe, wanda mata masu ciki da yara ke buƙata. A karɓa a gwada a gefe ɗaya na gona. Abin da nake tsoro shi ne a saki na hannu gaba ɗaya, a wayi gari ba mai gergera a gari sai an je neman ta a firjin wata cibiya.

Tsakanin Baba da Kaka

Yanzu da na kai shekarun da Baba yake lokacin da yake bi na a gona, na gane kowannensu da gaskiyarsa. Baba yana tsaron aikin da aka faro tun Tilemsi, domin in aka daina cire shibra aka daina zaɓen zangarniya, gona za ta koma daji a hankali. Kaka kuwa ta san cewa abin da ya saba da wahala shi ke tsayawa ranar wahala. Ni ma yau ina tuge shibra a gonata, ina kuma koya wa 'ya'yana su gane ta tun tana ƙarama. Amma na daina ce mata ciyawar banza.

Ga 'yan'uwana malamai, abin da na gwada a ajina ba ya cin ko dala. Da kaka na ce kowane yaro ya roƙo zangarniya ɗaya daga irin gidansu, ya tambayo sunanta, da wanda aka gaje ta daga gare shi, da kwana nawa take nuna, da yadda dabbobi ke son karanta. Muka jera su a kan tebur, muka auna tsawo da ma'auni, muka sa shibra a gefe, muka buga kowace a tafin hannu don a ga wadda ke zubewa. Darasin lissafi ya fito, na kimiyya ya fito, na tarihi ya fito. Wani yaro da ba ya magana a aji, ɗan makiyaya, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, akwai wadda ta fi wannan ƙanƙanta a bakin korama wajen mashekarinmu, ba mai shuka ta." Na ce ya kawo mana. Bayan hutun mako ya zo da ita a cikin leda, rabin tsabar ta riga ta zube. Ranar shi ya koyar, ni na zauna.

Ga iyaye kuma, yaranmu da yawa za su tafi bida, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu za su zauna a ofis. Ba laifi. Amma kafin su tafi, a kai su bakin gona ranar zaɓen iri, a nuna musu abin da ido ke nema a zangarniya, a gaya musu sunan irin gidan da inda kakansu ya samo shi. Wanda ke da iri na gado ya raba wa maƙwabci kaɗan, don in nasa ya ƙare a mugunyar shekara ya san ƙofar da zai buga. Masu gari da masu ƙasa kuma, in ana rabon sabbin gonaki, a riƙa barin bakin koramu da burtali, domin can ne dangin geron suka rage. Da tsohuwar zuma ake magani.

Zangarniyar da yaron nan ya kawo tana nan rataye a bangon ajinmu, kusa da taswirar Nijar, tsakanin gergera da shibra. Duk sabon ɗalibin da ya tambaye ni mece ce, sai in ce ya je ya tambayo kakarsa tukuna, sa'annan ya dawo mu haɗa abin da ta ce da abin da ke cikin littafi.